Ruwan da Ke Bakin Duna

A rugarmu da ke bayan duwatsun Roni, da an idar da isha'i sai mu kewaye wutar da ake hura wa shanu, hayaƙi na tashi a hankali, Inna kakarmu tana ta zuba tatsuniya har barci ya kwashe mu. Dare ɗaya ne na zauna ina ta kuka.

Duna, karen da ke bin garkenmu, ya wuni yana dalalar da yawu, ya ƙi cin komai. Baba ya ce haukan kare ne, ya ɗauko gora zai gama da shi. Ni na reni Duna tun yana kwikwiyo, amma wace ni in buɗe baki? Inna ma ba dama, don Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya gardama da shi.

Sai ta jawo ni jikinta. "Takwara, share majinar nan. Ku matso, ga ta nan tafe."

Wai a wata shekarar fari, wani makiyayi ya faɗi a daji, ƙishirwa za ta kashe shi. Karensa ya yi ta gudu har ya samu wani tafki da taurari ke sauka su sha. Ba ƙwarya, ba tulu, sai ya cika bakinsa ya juyo. Mutanen hanya suka ga ruwa na zuba daga leɓɓansa, suka bi shi da jifa suna ihun mahaukaci.

"Da zai yi haushi sau ɗaya, da sun gane lafiyarsa lau," in ji Inna, idonta na kan wuta. "To, in ya buɗe baki, me zai kai wa mai shi?"

Ba ta ƙarasa ba, ta ce barci take ji. Baba, da ke tsaye bayan zana, ya jingine gorar, ya ɗaure Duna can nesa, ya hana kowa zuwa kusa. Da safe ya gan shi yana ta kartar baki da ƙafa. Ya sa ice ya buɗe bakin, sai ga guntun kara ya maƙale a ganɗa. Da aka cire, Duna ya shanye akushin nono tsala.

Yau a Kazaure nake, kuma in na ga kare yana dalala, ɗaurewa nake sa a yi, a kira malamin dabbobi, don ciwon haukan kare gaskiya ne. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin jan kunne kan saurin hukunci. Sai bayan rasuwar Inna na tambayi Baba yadda labarin ya ƙare.

Ya ce, "Ba shi da ƙarshe, a wurin ta ƙirƙiro shi. Ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini."