Yadda Ladi Za Ta Haye Kogin Wudil

Mun tashi da asuba daga Kano zuwa Wudil, ni da wata ƙawata, ina rungume da littafin da na yi wata uku ina rubuta wa yara. Labarin wata yarinya ne, Ladi, a zamanin da ba a yi gadar Wudil ba, za ta haye kogi ta iske uwarta. Babin ƙarshe ya ƙi daɗi, ni kuma ba na son in shirga wa 'ya'yan mutane ƙarya.

Juma'a ce, ranar kasuwar shanu, direbanmu sai gudu yake kamar an ce masa kasuwar za ta tashi. Muna sauka muka nufi masu soyayyen kifi. Kuɗin da mai kifin ta faɗa sai da na tambaye ta ko kifin ya je Hajji ne.

Damina ta yi nisa, kogi ya kawo. Na zauna a bakin ruwa har na daina jin ƙarar motocin kan gada. Sai nake ganin fatake da jakunansu, da mata ɗauke da tukwane, da Ladina a tsakiyarsu tana hangen ƙetare.

Kusa da mu wani dattijo yana ɗinkin taru, ya ce mahaifinsa mai fito ne, shi ke ƙetarar da mutane. Bayan mun gaisa na karanta masa babin: Ladi ta hango uwarta, ta faɗa kwale-kwale, suka miƙe sak.

Ya ajiye tarun. "'Yata, ai mai fiton nan naki ya kashe yarinyar mutane. In ruwa ya kawo, ba a dosar gaci kai tsaye. Da ƙafa ake haurawa sama, a yi nisa, sannan a shiga, ruwan ya gangaro da ku inda za ku fita."

Kunya ta kama ni, ƙawata kuwa dariya har da riƙe ciki.

Da la'asar muka iso gida. Na gane ba a rubuta kogi daga kan kujera. Na yage babin na sake. Yanzu Ladi na hango uwarta sai ta juya ta bi gaɓa ta haura sama, tana ƙara nisa. Uwar tana tsaye a ƙetare tana kallo har yarinyar ta ɓace mata, ba ta kira ta ba. Wallahi ina rubutawa ina hawaye.