Kujera Mai Gajeruwar Ƙafa

Talatar nan ba ta bambanta da sauran ranaku ba. Ƙarfe bakwai na safe Kafinta ya biyo ta gidan mahaifinsa kafin ya wuce shago, da wata ƙaramar kujera ɗaure a bayan babur. Mahaifin nasa, Injiniya, yana shan shayi a baranda. Bai gama amsa gaisuwa ba ya ɗora tafin hannu a kan kujerar ya girgiza ta.

"Ƙafar baya ta hagu ta gaza."

"Ranka ya daɗe Sufeto," in ji Kafinta yana dariya, "ko zama ba ka yi ba."

"Ba sai na zauna ba."

Sun yi rabin awa a kan ƙafar nan: yadda ake auna ƙafafu huɗu tare, da irin katakon da ke ƙanƙancewa in ya bushe. Ƙarfe goma Injiniya ya kira shi a waya ya ce ya duba zartonsa. Ƙarfe ɗaya Injiniya ya leƙa shagon, ya tarar da wani malamin makaranta ya zo ɗaukar teburi. A gaban mutumin ya ciro ma'auninsa daga aljihu, ɗan ƙarfe mai ɗigon ruwa a ciki, ya ɗora a kai. Ɗigon ya tsaya cif a tsakiya. Ya mayar da ma'aunin aljihu bai ce komai ba. Ƙarfe biyar Kafinta ya kira ya tambaye shi ko ya sha maganin hawan jini. Washegari da hantsi Kafinta ya faɗi a bakin shago, zuciyarsa ta tsaya kafin a kai shi asibiti. Shekararsa talatin da huɗu.

Shi ne ɗan fari. Yana shekara ta biyu a jami'a ya ajiye karatun injiniya ya koma koyon kafinta. Mahaifinsa, wanda ya shekara talatin yana duba gine-gine kafin a ba da izinin shiga, bai yi faɗa ba. Shi ya saya masa zarto na farko. An san Kafinta da durowar da ba ta maƙalewa da ƙofar da ba ta kuka. Yana waƙa in yana aiki, kuma bai iya ba. Matarsa ce ke goge katako da shafa fenti.

Wata biyu da rasuwar, matar ta kira Injiniya. Mijinta ya bar wani teburin cin abinci bai gama ba, ita ta ƙarasa shi.

"Baba, ka zo ka gani. In bai yi ba, in rufe shagon in koma gidanmu. Ba zan ɓata masa suna ba."

Ya je da ma'auninsa a aljihu. Tana neman ƙyallen da za ta share teburin, sai idonsa ya kai kan wani gwangwanin fenti a kan kanta, cike da ƙananan guntayen katako, kowanne bai kai kaurin yatsa ba.

"Waɗannan fa, 'yata?"

Ta dubi gwangwanin. "Naka ne, Baba."

"Nawa?"

"Duk abin da zai kawo maka, sai ya gama shi daidai, sannan ya rage masa ƙafa ɗaya. Ya ce in ya kawo mai kyau, dubawa kake yi ka yi shiru, minti biyu an gama. In da gyara kuwa, sai ku yi hira har shayi ya huce." Ta yi murmushi. "Yakan ce, bari in yanka wa Sufeto abin magana."

Kujerar Talatar tana nan a kusurwa. Injiniya ya jawo ta ya zauna, ta karkata da shi baya. Bai san wata hanyar duba abu ba sai wadda ya yi aiki da ita, don haka da ita ya duba kansa. Bai taɓa yin mako bai zo shagon nan ba. Bai taɓa yi wa yaron ƙarya ba, bai taɓa kwatanta shi da ɗan wani ba. Wannan ɓangaren yana tsaye. Amma ya gwada aikinsa a gaban masu saye, ya ɗauka taimako ne. Ya ga ɗigon ruwa a tsakiya ya fi sau ɗari, bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba, don a wurin aikinsa abin da ya yi daidai ba a rubuta shi a rahoto. Shi kuma yaron, maimakon ya ce "Baba, ka yaba mini," sai ya riƙa lalata aikinsa da hannunsa. Su biyun duk sun ɗauka hirar tasu lafiya lau take.

Ya tashi ya zagaya teburin. Hannunsa ya tafi aljihu, ya dawo da shi bai ciro ma'aunin ba.

"Ya yi kyau," ya ce. "Haɗin ya kama, saman ya kwanta. Aikinki ya yi kyau."

"Babu gyara?"

"Fentin ya ɗan yi kauri a gefen can. Kin riga kin gani, na ga kina ta kallon wurin. Kada ki rufe shagon."

Ranar Asabar mai teburin ya zo ya ɗauka.

Tufafin Kafinta an raba wa ƙannensa. Babur ɗin ya koma hannun autan gidan. Zarto, guduma da injin goge katako sun zauna a shago wurin matarsa, kuma a cikin akwatinsu Injiniya ya ajiye ma'auninsa. Gwangwanin da kujerar ya tafi da su gida. Akwai guntun da ya dace da ƙafar a cikin gwangwanin, ya gwada ya gani. Bai manna shi ba. A kan kujerar yake shan shayi da safe.