Shaidar Murhu a Unguwar Gangare

A Unguwar Gangare, can ƙasan Gaya inda ake barin hanyar kamiyoyi, manyan motocin kaya, a nufi bakin kogi, babu murhun da Fadima mai gishiri ba ta taɓa tsugunawa a gefensa ba. Haifaffiyar wani ƙauye ce kusa da Bengu, cikin masu dafa gishirin Foga, aure ya kawo ta gari. Shekara talatin da ƴan kai tana yawo gida-gida da tasa a ka. Gajera ce mai kaurin murya, ba ta san ko bihim ba a boko, kuma ba ta iya shiga gida ta fito ba tare da ta ji abin da ke damun masu shi ba. Masu tsokana sukan ce gishirin ɗan rakiya ne, jin labari ita ce sana'ar. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ƙara musu gyara.

Mai unguwa Siddo yana da kwamiti na dattawa bakwai da ke zama a zaurensa kowace Alhamis bayan la'asar. Abin da suka tattara sai ya miƙa wa Alassan, konsaye, wato ɗan majalisar da mutanen gefen suka zaɓa, shi kuma ya kai shi zaman majalisar gari a meri, ofishin magajin gari. Tsarin ba laifi, sai dai dukansu maza ne, kuma namiji iyakarsa zauren gidan wani. An taɓa yin wata uku famfon unguwa a lalace dattawan ba su sani ba, tun da su dai kullum suna tarar da ruwa a buta. Da Siddo ya ji kunyar wannan, ya aika aka kira Fadima. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa ta san ɗakin kowa. Daga nan aka riƙa shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure, ta zama ta takwas.

Shekarar da kogi ya ɓalle cikin watan Agusta, ruwa ya kwantar da rabin unguwar. Ba a rasa rai ba, amma gidajen ƙasa suka narke, mutane suka tare a azuzuwan lekol, makarantar boko. Majalisa ta yanke cewa za a ba kowane iyali fili a kan tudu. Aka turo wasu samari baƙi su yi ƙidaya. Suka bi layi suna tambaya suna lissafa ƙofofin wajen gidajen da suka rushe, duk ƙofa su rubuta sunan mai gida ɗaya, suka tashi da arba'in da uku.

Da aka karanta takardar a zaure, Fadima ta shiga lissafi da yatsunta. A gidan marigayi Alhaji Idi kaɗai tukunya tara ake ɗorawa bayan ƙofa ɗaya. Cikinsu akwai Salima, ƴar garin Tunuga, wadda mijinta direban kamiyo ya rasu a hanya ya bar ta da yara huɗu a ɗakin kusurwa. Ba ta da kowa a Gaya, kuma gidan ubanta ma ruwa ya ci shi. Saura kwana goma sha biyu a koma karatu. Wanda sunansa ke takarda zai hau tudu, wanda babu sunansa zai kwashe tabarmarsa daga aji ya san inda dare ya yi masa.

"Ranka shi daɗe, wagga takarda ba ta cika ba," in ji Fadima.

Siddo ya shafa gemu. "An riga an sa hannu, Fadima. Mi za mu iya?"

"Hannun da ya sa shina iya ƙarawa. Kai dai ka kai ni."

A zaman majalisa, mutumin gari yana iya shiga ya saurara, amma ba ya magana sai wani konsaye ya nema masa izini. Alassan ya nema, aka ba ta minti uku. Ta miƙe a ɗakin da ba ta taɓa shiga ba, fanka na juyi a bisa kanta. Tsoro dai ta ji shi, amma muryar ba ta nuna ba.

"Ƴaƴana, ƙofa ba ta cin tuwo. Ku ƙirga murhu. Inda duk anka hura wuta daban, iyali na daban."

Wani konsaye ya ce in aka buɗe wannan hanya, kowa sai ya zo ya ce yana da murhu. Gidaje sun rushe, wa zai shaida?

"Duwatsun na nan," in ji ta. "Ruwa ya ɗauki tabarmi da ƙwarya, bai ɗauki dutse ba. Gani ya kori ji."

Aka yi ta muhawara, daga ƙarshe majalisa ta amince da sharaɗi ɗaya: inda aka ga murhu a rubuta suna, inda babu, babu. Aka haɗa Alassan da sakataren majalisa da mai unguwa su je su gani.

Abin da ya faru washegari da hantsi, har yau ana ba da labarinsa a Gangare. Gefen da ruwa ya ci ya zama fili guda na laka, ba bango, ba lungu, masu gidajen kansu suna ta jayayya a kan inda ɗakunansu suke. Fadima ta karɓi sanda ta shiga gaba. Sai ta yi taku goma ta tsaya, ta dubi wata bishiyar bedi da ta rage a tsaye, ta soka sandar ta ce a tona nan. A tona, sai ga duwatsu uku baƙi ƙirin. "Na Habiba matar mai gyaran taya na, su shida." Ta juya hagu. "Nan Ladi, ita da surukarta ba su haɗa tukunya, ku tona biyu." Aka tona, biyu ne. Ko sau ɗaya ba ta sa an tona banza ba.

Sakatare, wanda ya iso yana ɗage ƙafar wando yana tsaki, ya manta da takalmansa. Ya riƙa binta cikin laka har idon sawu, yana rubutu yana faɗin ikon Allah. Alassan, da aka haifa a unguwar kuma yake alfahari da saninta, ya koma bin ta a baya yana tambayar ta masu kowane murhu. Kafin azahar arba'in da uku ta zama ɗari da sha bakwai.

Sai aka zo kusurwar Salima. Fadima ta soka sanda, aka tona, babu komai. Aka faɗaɗa ramin, babu ko tsakuwa. Salima da ke tsaye da goyo ta sunkuyar da kai.

"Inna, ni na kwashe su. Kwana uku bayan ruwa na dawo na ɗauke su ɗai-ɗai na kai lekol. Yara na jin yunwa, can kuwa babu dutse."

Wata mata ta ce to a je a ɗauko su mana. Sakatare ya girgiza kai, ba don mugunta ba. Ya ce in dutsen da aka ɗauko daga wani wuri zai zama shaida, gobe kowa zai zo da nasa a kai, kuma duk aikin yau ya rushe. Mai unguwa ya ce shi ya shaida, Alassan ma ya ce ya shaida. Sakatare ya ce ya yarda da su, amma sharaɗin majalisa murhu ne, shi kuma ba shi da ikon canza shi. Zama na gaba sai bayan wata biyu.

Fadima ta ji haushi ya turnuƙe ta, har da na kanta, domin da bakinta ta kafa wannan sharaɗi, ga shi ya zo zai kayar da wadda ta fi tausayi. Ta tsaya tana kallon ramin. Can sai ta tuna tsofaffin wuraren dafa gishiri na ƙauyensu, inda ko bayan an tashi shekara da shekaru ƙasar wurin ba ta komawa yadda take. Ba ta taɓa gwada haka a murhun tuwo ba. Ba ta sani ba ko wutar mace ɗaya ta isa.

"Ku ba ni fartanya."

Ta ɗaure zane, ta yi bisimilla, ta shiga kankare laka a hankali. Taƙi ɗaya, taƙi biyu. Sai fartanya ta yi ƙara kamar ta bugi tukunya. Ta ajiye ta, ta sa hannu tana sharewa, wani ya zuba ruwa daga buta. Ga ƙasa ja wur, ta gasu ta yi tauri, zagaye kamar faifai, da gurabu uku a gefenta inda duwatsun suka zauna.

Fadima kanta hawaye ya zubo mata ba ta sani ba. Shekara tara mace na hura wuta safe da yamma a kusurwar da ba wanda ya damu da ita, ashe ƙasa ta riƙe. Mai unguwa ya tsuguna ya taɓa wurin da tafinsa, ya ce Allahu akbar a hankali. Sakatare ya ƙwanƙwasa da gindin alƙalami, ya saurari ƙarar, ya buɗe takarda a kan gwiwarsa.

"Sunan mai gida?"

Salima ta buɗe baki ta fara faɗin sunan marigayi mijinta, yadda ta saba a duk inda aka tambaye ta. Fadima ta kama mata hannu da nata hannun mai laka.

"Naki za ki hwaɗi, ɗiyata. Wutar taki ce."

Salima ta dubi jar ƙasar, ta gyara goyonta. Sai da ta faɗa sau biyu kafin muryarta ta fito yadda sakatare zai ji.