Cinyar Ragon da Na Kai Gidan Baffa Ila

Ranar Babbar Sallah ta shekarar da na shiga aji biyar na firamare, bayan azahar, na ga mahaifina yana kuka. A zauren Malam Hadi ne, malaminmu na lissafi, wanda shi kaɗai ke da bidiyo da ɗan janareta a ƙauyenmu da ke gabas da Ɗanbatta. An rufe ƙofa da tabarma don kada haske ya kashe hoton, mu yara mun cushe a ƙasa, zufa tana jiƙa mana sabuwar atamfa, manya kuma suna kan benci a baya, wai sun zo ne su tsawata mana. Na waiwaya in ture ƙafar wata yarinya da ke tokare mini baya, sai na ga Baba ya cire hula yana goge ido da ita.

Kaset ɗaya Malam Hadi yake saka mana duk Sallah, har hoton ya fara rawa, mu kuma mun haddace shi, muna riga 'yan wasan faɗin maganarsu. Labarin wani ɗan fashi ne da ya addabi gari shekara da shekaru, ya tuba da furfurarsa, ya haƙa wa garin rijiya da hannunsa. Ruwa ya fito garai-garai amma aka rasa mai sha, har sai da wata tsohuwa da ya taɓa ƙwace wa akuya ta zo ta zura guga. Kakarmu Inna Delu ta ce labarin ya girme ta, tun suna 'yan mata ake ba su shi, masu fim riga kawai suka ɗinka masa. Ina son fim ɗin fiye da kitso da lalle da duk abin da Sallah ke zuwa da shi. Amma ranar nan haushi ya ba ni.

Dalili shi ne Baffa Ila, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Ina ƙarama ya kwance san huɗar Alhaji Musa ana tsakiyar damina, ya kai shi wata kasuwa mai nisa, aka kama shi, ya yi shekara uku a gidan yari. Da ya dawo bai ƙara ɗaga ido ya kalli kowa ba. Shi ke share masallaci, shi ke cike ramukan hanyar gona idan ruwa ya zaizaye ta, ba wanda ya sa shi. Duk da haka ba a kiransa gayya, ba a zama cin tuwo da shi, in ya yi sallama a majalisa sai a amsa a ciki-ciki. Gidansa katangar kara ɗaya ce ta raba da gonarmu ta bayan gida, ina jin tarinsa idan na je yankar wa tumaki ciyawa, amma Baba ya hana a ambaci sunansa. Kunya ce ta ci Baba, shi ya sa duk shekara cinyar ragonmu ta dama gidan Alhaji Musa take tafiya, kamar mu muka saci san.

A wurinmu rago yakan kwana a rataye, washegari da safe a sassara shi a raba, yara su yi ta zirga-zirga da kwanoni. Baba ya ɗora cinyar a babban kwanon sha, Umma ta rufe da faifai, aka ɗora mini a ka. Na fita, na kai bakin kukar da hanya ta rabu biyu, na tsaya. Ba wani dogon tunani na yi ba. Na dai tuna hular nan da ake goge ido da ita, sai na bi ta cikin gero na yi sallama a gidan Baffa.

Yana zaune yana gyara ƙotar fartanya. Ya buɗe faifan, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Yaya ne ya aiko ki?” Na ce e. Ƙarya ce, kuma na san ya sani, domin bai sake tambaya ba. Matarsa ta wanke kwanon ta zuba ƙwan zabi biyar, tunda ba a mayar da kwanon Sallah haka nan.

Ƙwan ne ya tona ni, don gidan Alhaji Musa nama suke mayarwa. Baba ya tsaya a tsakar gida, wuƙa a hannu, ya ce in koma in karɓo. Na ce ba zan je ba. Ban taɓa faɗa masa haka ba, amma bakina ya ƙi rufuwa. Na ce, “Baba, jiya ka yi wa na cikin kaset kuka. Shi Baffa wace rijiyar zai haƙa?” Umma ta saki muciya ta yi kaina, Baba ya ɗaga mata hannu. Bai dake ni ba. Ya ce ni da zauren Malam Hadi sai ranar da na durƙusa na ba da haƙuri, kuma kada wanda ya taɓa ƙwan nan. Inna Delu, wadda ta haife su duka biyun, ta tashi ta ɗauki kwanon. Ta dafa ƙwan, ta zauna a ƙofar ɗakinta ta cinye su ɗaya bayan ɗaya da ɗan gishiri, ita da ba ta da haƙoran kirki.

Sauran kwanakin Sallar ina jin ƙarar janareta daga gida ina surfen gero, ƙawayena suna wucewa suna yi mini gwalo. Na yi kuka a bayan rumbu, ya fi sau ɗaya. Umma ta lallashe ni, ta ce kalma ɗaya ce fa, ba za ta rage ni da komai ba. Na ƙi. Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce, ban leƙa zauren ba.

Da shekara ta zagayo, Baba ya yanka cinya ya ba ƙanina ya kai gidan Alhaji Musa. Sannan ya cika wani kwano da haƙarƙari da hanta, ya turo shi gabana da bayan wuƙa, bai dube ni ba, ya ce, “Wannan ki kai inda kika saba.” Sau ɗaya tak na taɓa zuwa. Na ɗauka na fita da sauri kada ya canja shawara.

Yanzu zauren Malam Hadi shagon cajin waya ne, kaset ɗin ban san inda ya ƙare ba. 'Ya'yana kowa da wayarsa yake kallo a kusurwar ɗaki, in ma wani ya yi hawaye ba mai gani balle ya tambaye shi dalili. Ina kewar cunkoson nan da zafinsa. Baffa ya riga Baba rasuwa, kuma Baba ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Kafin Baba ya cika na nemi gafararsa a kan abubuwa da yawa. Ban da cinyar nan.