Harafi Ɗaya Cikin Takwas

Shekarar da idon Inna na dama ya fara dushewa, na hagun ya riga ya mutu tun tuni. Likitan ido a Sakkwato bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ruwa ne ke taruwa yana danne jijiya, in an yi aiki cikin mako biyu za a iya tsare abin da ya rage, in an wuce haka sai haƙuri. Ni malamar firamare ce a Wara, albashina ko tsakiyar wata ba ya gani. Sai muka waiwayi yayana da ke tuƙin mota a Jidda.

Ya ce zai turo ta banki, amma can sun ce lambar asusu kaɗai ba ta isa ba, sai da wata lamba da ake gane bankin da ita daga ƙasashen waje, suwif suke ce mata. Na hau mota zuwa Yawuri, na bi layi tun hantsi har azahar, wani ma'aikaci ya rubuta mini haruffan boko takwas a bayan wata takarda.

Daga bakin ruwa na kira Yaya, kusa da inda mata ke bandar kifi.

"Ɗauki hoton takardar ki turo man," in ji shi.

"Ba ni da data. Kuma mi na wahala ga harahi takwas? Ni ka koya ma ɗiyan mutane karatu kullum."

Kuɗin data suna cikin jakata. Raina ne ya sosu, wai wanda bokonsa ya tsaya a aji huɗu shi zai gwada mini yadda ake aika saƙo. Na karanto masa ɗaya bayan ɗaya. Na ukun P ne, mai kai kamar ludayi. Bakina ya ce "fi", yadda muke faɗa tun muna aji ɗaya, yadda ni ma nake sa ɗalibaina su rera. Yaya ya ji fi, ya rubuta F.

"Fi ko?" ya tambaya.

"Awo, fi," na ce, har da tsaki.

Kuɗi suka bar Jidda, ba su iso Yawuri ba. Sau huɗu ina zuwa bankin, na yi faɗa da ma'aikacin nan har sai da mai gadi ya ba ni haƙuri. Na kira su ɓarayi a gaban jama'a. A gida kuwa Inna ta fara lalube bango kafin ta kai randa, ta daina gane kwalekwale a kan ruwa sai dai ta ji ƙarar inji.

Rana ta goma sha biyu Yaya ya turo hoton rasit. Na ajiye shi kusa da takardata, na bi da yatsa. A harafi na uku yatsana ya tsaya. Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba.

Sai da aka ƙara mako biyu kafin kuɗin su koma hannunsa ya sake turowa. Da muka isa Sakkwato, likita ya haska fitila a idon Inna, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kashe ta ya ce babu sauran abin da za a yi wa aiki.

Yaya bai taɓa yi mini gori ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne kada in faɗa wa Inna, shi ya riga ya gaya mata banki ne ya riƙe kuɗin.

Yanzu ni ke riƙe hannunta zuwa makewayi, ni ke cire mata ƙayar kifi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ba shi labarin ɗiyarta da ta yi ta zarya Yawuri saboda ita, ta sa mini albarka, sannan ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya yi sanadin idonta. Baƙi su ce amin. Ni ma nakan ce amin, don tana sauraren muryata.