Ƙullin Ƙarshe A Kan Kubewar Iya

Na Allah muke, kuma gare Shi za a mayar da mu. A ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda muka fito ciki ɗaya, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ta cika a ɗakinta, a kan gadon da ke gefen taga, tagar da ke kallon lambunta. Ina zaune wajen ƙafafunta. Kafin azahar an kai ta makwanci.

Mutane suna tambayata yaya haƙuri, ina cewa da godiya. Amsar tana yi mini nauyi, domin ban tabbatar ko haƙuri ne nake yi ba. Ina tashi, ina salla, ina share tsakar gida, abinci yana shiga bakina kamar wata ake ba. Har yau hawaye bai zo ba. Malamin da ya karantar da mu tun muna yara ya hore mu kada mu faɗi a kan mamaci sai alherin da muka sani, kada kuma mu ƙara masa gishiri. Don haka, Yaya, abin da idona ya gani kawai zan rubuta.

Shekararki ba ta da ɓoyo, duk wanda ya leƙo gidanki ya san lokacin da ake ciki. Da zafi ya tsananta za a gan ki da fartanya kina tayar da kunya, kina zuba taki. Ruwan fari na sauka ki shuka. Damina kuwa ba a ganin fuskarki, sai bayanki a duƙe cikin ganye. Idan ruwa ya ɗauke sai shanya ta cika tsakar gida, ba wurin sa ƙafa. Da sanyi ya shigo ki jingine fartanya a bayan ƙofa, ki jawo buhun ƙyallaye zuwa inda rana take faɗowa, ki zauna da allura har a kira la'asar.

Wannan buhun shi ya sa aka laƙaba miki Uwar Ƙyalle, kuma ba ki taɓa jin haushin sunan ba. Tsohon zane, rigar da ta gaji, ragowar yadin da tela ya yar, duk kina wankewa ki goge ki yanka su daidai, ki haɗa su bargo, ki sa auduga a tsakiya da shafi a baya, ki bi da ɗinkin hannu layi bayan layi. Maigidanki, Kafinta, yakan ce wa baƙi, "A gidan nan in ka cire riga ka shiga wanka, ka fito da sauri, in ba haka ba ka tarar da ita a cikin bargo." Ke kuma ba tare da kin ɗaga kai ba sai ki ce, "To ka daina kawo mini su da huji a hammata."

Ban san bargon da kika taɓa sayarwa ba. Lokacin da mahaifiyar Ungozoma, maƙwabciyarmu, ta kwanta ciwo, ƙashinta ya fara cin katifa, ke kika ɗinka mata mai laushi daga tsofaffin mayafanki, kika ce sabon yadi yana da kaushi ga jikin tsoho. Jaririn da aka haifa a layinmu da sanyi da wuya bai kwanta a kan aikin hannunki ba. Ni kuma da na zauna kusa da ke don in taya ki, sai ki dubi ɗinkina ki ce, "Ƙanwata, allurarki tana gudu kamar ana bin ta." Washegari in tarar kin warware layina kin sake shi. Ba ki taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa nuna na gane ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kubewar Iya.

Mahaifiyarmu, Iya, ta bar mana irin wata kubewa gajera, mai kauri, mai jan kara, wadda ba ta saurin ƙosawa kuma ba a samun ta a kasuwa. A hannunki ta zauna bayan rasuwar Iya. Kina da yadda kike yi da ita. Cikin damina za ki bi kunya kina duba 'ya'yan da suka fi kyau tun suna ƙanana, ki ɗaura wa kowanne siririn ƙyalle daga ragowar ɗinkinki. Ma'anar ƙyallen ɗaya ce: wannan na iri ne, kada a taɓa, a bar shi ya bushe a jikin uwarsa. Ƙullinki na zarge ne, ja ɗaya ya kwance, don ki sake amfani da ƙyallen baɗi. In sun bushe ki fasa, ki ware na shukarki, sauran ki ƙulla a ƙyallaye ki raba wa duk matar da ta miƙo hannu idan shuka ta matso. Ba kya barin na bara ya kwana biyu a wurinki, kina cewa tsohon iri yaudara ne, gara a ba mai shukawa.

Bana ciwo ya jinkirta ki. Sai da ruwa ya kusa ɗaukewa kika lallaɓa kika fita da sanda, kika ɗaura wa 'ya'yan ƙarshe, waɗanda kubewar ta yi kafin ta daina fure. Na ce ki bari in yi miki, kika ce ido biyu ba sa zaɓen iri ɗaya. Daga wannan fitar ba ki sake taka lambun ba.

Ranar da aka binne ki gida ya cika da masu gaisuwa, ana ta ɗora tukunya ana saukewa. Matar babban ɗanki, wadda har yau Amarya muke ce mata ko da yake ta yi 'ya'ya, a birni ta tashi, ba ta taɓa shuka ko albasa ba. Aka ce a samo abin miya. Ta ɗauki kwando ta shiga lambu don ta taimaka. Da ta ga ƙyallaye a jikin kubewa sai ta ɗauka waɗanda kika zaɓa ne don a tsinka, tun da su ne masu kyau. Ta tsinke su. Aka yanka, aka dafa, muka ci. Ni ma na ci, Yaya. Ban ji ɗanɗanon komai ba.

Sai bayan kwanaki, da baƙi suka ragu, na tsaya a bakin lambun na ga kara tsaye, ganye ya yi rawaya, ba ɗa, ba ƙyalle ko ɗaya. Ungozoma ce ta faɗa mini yadda aka yi, a hankali, kamar mai sanar da wata mutuwar. Ban yi fushi ba. Na tsaya dai ina kallo har rana ta dake ni, sannan na koma ciki na wanke kwanuka. Na yanke ba zan gaya wa Amarya ba. Yarinyar ta yi jinyarki da hannunta, ta juya ki, ta wanke ki. Ban ga dalilin ɗora mata wannan ba.

Na fara jan ruwa daga rijiya ina zuba wa karan, ko za su sake yin wani ɗa. Suka yi fure kaɗan, furen ya zube. Lokacinsu ya wuce.

Sai na ce ai kin raba wa mutane, ba za a rasa ba. Tawa shukar awaki sun cinye ta tun tana yabanya, kin sani, har kika yi mini dariya. Na bi gidajen da nake tunawa. Matar mai gyaran keke ta kama baki ta ce, "Wayyo, ai mun cinye tas. Wa zai ajiye iri Uwar Ƙyalle tana nan?" Ta ji abin da ta faɗa, ta ba ni haƙuri. Gida bayan gida amsar ke nan, kalmomin ne kawai suke sauyawa. Ba wanda ya ajiye, domin kowa ya san za ki bayar. Kyautarki ta sa duk muka kwanta, har da ni. Abin da Iya ta riƙe, kika riƙe bayanta, ya zo ƙarshe a cikin tukunya ɗaya, kuma na ji labarin a raina kamar na wasu mutane ne a wani gari.

Ranar da Amarya take haɗa kayan komawa, ta same ni a ɗakinki ina ninke bargon da kika bari ba ki gama ba, allurar tana soke a inda kika tsaya. Ta durƙusa ta ajiye wani abu a gabana. Ƙyallayen ne, ta wanke su ta goge, ta jera su kamar kayan sawa.

Ta ce, "Inna, ga na Mama. Ban yanka ko ɗaya ba, kwance su na yi, na san ba ta son a ɓata ƙyalle. Saura ɗaya ne ya gagare ni."

Na ce, "Wane ɗaya?"

Ta ce, "Na can ƙarshe, bayan duro. Ƙullin ya cije, na yi na yi ya ƙi. Ban so in sa masa wuƙa ba, kuma ana ta kira na a kicin, sai na bar shi da kubewar tasa. Ki yi haƙuri, in kina so yanzu in je in tsinko."

Ban san da wace murya na ce mata kada ta taɓa ba, amma ta tsorata. Muka fita tare. A ƙarshen kunya, a lungun da duron ruwa ya kare, ƙarƙashin wani ganye da ya lanƙwashe, ga shi nan. Ɗa ɗaya, ya ƙosa, ya yi kauri, da shuɗin ƙyalle a wuyansa. Na duƙa na duba ƙullin. Ba naki ba ne, Yaya, wato ba irin wanda na san ki da shi ba. Ƙulli ne a kan ƙulli, a karkace, irin na wanda yatsunsa suka daina yi masa biyayya. Nan ne kika kai a ƙarshe, ƙarfinki ya ƙare, zargen ya ƙi yiwuwa, kika ɗaure shi yadda ya samu. Da hannunki yana da lafiya, da ja ɗaya ya kwance shi kamar sauran.

A wurin na gaya wa Amarya ma'anar ƙyallen, tun da ba sauran hanyar ɓoyewa. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ni na kasa. Na dafa ta na ce ba ta yi laifi ba, ba wanda ya koya mata, kuma ladabinta ga tsummanki shi ya bar mana wannan. Ta roƙi mijinta ya bar ta ta ƙara kwanaki. Kafinta, wanda tun rasuwarki bai taɓa guduma ba, ya fito ya kewaye karan da katako saboda awaki. Ni na yanki tsohon gidan sauro na ɗinka 'yar jaka na sa wa ɗan, saboda tsuntsaye da ƙwari. Ɗinkin a karkace yake. Ba mai warware shi.

Kullum da safe muna zuwa mu duba, ni da ita, mu tsaya, mu dawo. Jiya ɗan kubewar ya tsage ta gefe. Na girgiza shi a kusa da kunnena, na ji 'ya'yan suna motsi a ciki. Muka fasa shi a kan faranti. Ba su cika tafin hannu ba, amma baƙaƙe ne, masu nauyi, ba ƙwaro a cikinsu.

Na raba su, ban tara a hannu ɗaya ba. Na ba Amarya, ta ce za ta shuka a bokiti a bayan ɗakinta. Na ba Ungozoma, na ba matar mai gyaran keke, na riƙe kaɗan. Kowace na ƙulla mata a cikin ɗaya daga ƙyallayenki, na ce baɗi ita za ta ɗaura shi da hannunta a jikin nata, domin mai bayarwa ta tafi. Ban sani ba ko za su tsiro. Wannan na Allah ne. Sanyi ya fara shigowa, na jawo bargonki zuwa inda rana take faɗowa, zan ci gaba daga inda allurar take.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ta yi ta zama kankarar zunubi. Kamar yadda ta lulluɓe tsofaffi da jarirai daga sanyi, Ka lulluɓe ta da afuwarKa. Duk abin da aka ci daga shukarta, mutum ne ya ci ko tsuntsu, Ka rubuta mata shi sadaka. Ka haɗa ta da Iya da sauran iyayenmu a gidan Aljanna, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta da jikokinta, da Amarya, da maƙwabta da duk wanda ya taɓa kwana a cikin bargonta. Allah Ya ba mu haƙurin gaske, irin wanda ake ji a zuciya. Wanda yake bin ta wani hakki ya yafe mata don Allah.

Shuɗin ƙyallen yana wurina, Yaya. Na zare shi daga karan yadda yake. Ban kwance ƙullin ba.