Sunan Ubanta

Shekarar da mijin ƙanwata ya rasu a Maraɗi, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ɗinkin buhu nake yi a kasuwar hatsi ta Jibiya, furfura ta fara fito mini, kuma na gaji da dangwala yatsa a inda wasu ke sa hannu. Mijin nata mutumin Nijar ne, direban babbar mota mai dakon wake da albasa. Ba ya tsallako iyaka bai tsaya rumfata mun sha fura ba. Da ƙanwata ta fita takaba sai ta tattaro 'ya'yanta, waɗanda duk a can aka haife su, ta dawo gida.

Babbar ɗiyarta akwai kai. Ta fara lakwal, wato makarantar boko, a can, ta ƙarasa sakandare a nan, ta ce aikin unguwar zoma take so. Amma ba a zama jarrabawar shiga makarantar sai da lambar katin ɗan ƙasa. Nan magana ta tsaya.

A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, akwai hanyar da kowa ya sani. In mace ta dawo da 'ya'yan ƙetare, sai kawunsu ya ce nasa ne, a rubuta sunansa a gurbin uba, a ce nan aka haife su. Yayanmu, wanda ke riƙe da gida tun rasuwar mahaifinmu, ya tara mu a zaure bayan la'asar.

"Kai za a rubuta," ya ce yana nuna ni. "Ni nawa sun yi yawa, ganewa za a yi."

Yarinyar ta ɗago kai ta dube shi. "Kawu, to Baba fa?"

"Babanki Allah ya jiƙan shi. Takarda ce kawai, ɗiyata."

"Ita fa zan riƙa nunawa har in tsufa."

Uwarta ta shiga murza gefen zanenta. Ni ma ban ji daɗin abin ba. Mutum ya yi wahalar yarinya, ƙasa ta rufe shi, sannan mu goge sunansa? Na roƙi Yaya ya ba ni lokaci.

A ajinmu malamarmu takan ɗauki rana guda ta yi mana bayanin 'yancin ɗan ƙasa. Na ɗaga hannu kamar yaro, tsofaffin ajin suna dariya, na kawo mata maganar. Ta ce a tsarin mulkin ƙasarmu, wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, kuma ba a fifita uba a kan uwa a wannan ba. Ban yarda nan take ba. Ta kawo wani ɗan littafi da aka yi bayanin da Hausa, na bi shi da yatsa ina haɗa baƙi, har aka tashi aka bar ni. Abin da ta faɗa, shi na tarar.

Da na kai wa Yaya labari sai ya kwashe da dariya. "Malam Boko! Jiya-jiya ka koyi rubuta sunanka, yau ka zama lauya. In aka rufe rajistar jarrabawa yarinyar ga ta rasa shekara, kai ne."

Abin da ya rage shi ne shaidar mai unguwa cewa uwar 'yar nan ce gaba da baya. Mai unguwarmu dattijo ne mai barkwanci, amma in ya kafe ya kafe.

"Ɗa na uba ne," ya ce. "In ka zuba gero a buhun Katsina, ya fasa zama geron Maraɗi?"

"Ranka ya daɗe, ai uwa ba buhu ba ce."

"To mi ce ce?"

"Rabin gonar ce."

Ya yi dariya har da tari, amma bai sa hannu ba. Ya ce in kawo sunana a gurbin uba, yanzu ya gama mini. Ban yi musu ba. Washegari na kwaso buhuna da basilla na zauna a ƙofar zaurensa ina ɗinki. In ya fito in gaishe shi, in ya koma in ci gaba da aikina. Haka muka yi ta yi, ranar rufe rajista na matsowa, Yaya ya daina amsa gaisuwata sosai.

Wata safiya yana sake karanto mini zancen ɗa na uba ne, sai muryar uwargidansa ta fito daga cikin gida, ashe duk tana ji.

"Malam, to jikokinka na Ɗan Isa fa? In ɗiyarka ta dawo da su, sunan wa za ka liƙa musu? Ko baƙi za su zama a gidan kakansu?"

Ɗiyarsa na aure a can ƙetaren iyaka, kowa ya sani. Dattijon ya shafa gemu, ya dube ni.

"Kai ka aiko ta?"

"Wallahi ko gaisawa ba mu yi ba yau."

"Kawo takardar, kafin a kore ni daga gidana."

Mu uku muka tafi ofishin rajistar katin ɗan ƙasa, ni da ƙanwata da ɗiyarta. Tun a hanya nake bitar jawabin da zan yi in an hana mu. Ma'aikacin, wani saurayi mai tabarau, ya tambayi sunan uba. Yarinyar ta faɗa da ƙarfi, har na bayan layi suka juyo. Ya tambayi inda aka haife ta, ta ce Maraɗi.

"Uwa fa?"

Ƙanwata ta matso, ta miƙa katinta da takardar mai unguwa. Ya duba su a tsanake, ya yi mata 'yan tambayoyi a kan iyayenmu, ta amsa.

"Shi ke nan, Hajiya, ta wajenki ta samu. Zo ki zauna a ɗauki hotonki, 'yan mata."

Ni ko kallona bai yi ba. Jawabina ya tashi a banza, kuma ban taɓa jin daɗin asarar wahala irin wannan ba. Muna fitowa ƙanwata, wadda tun rasuwar mijinta ba a ji muryarta sama ba, ta rangaɗa guɗa a bakin titi. 'Yan acaɓa suka yi ta danna oda suna tambayar ina amarya.

Ranar da lambar ta fito, yarinyar ta kai wa Yaya takardar a zaure. Ya juya ta, ya sake juyawa, don shi bai yi karatun boko ba. Can ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Karanta mana, Malam Boko."

Na karanta sunanta, na karanta sunan ubanta a hankali, baƙi bayan baƙi. Yaya ya gyaɗa kai.

"Allah ya jiƙan shi," ya ce. "Direban kirki ne. Yaushe ne jarrabawar?"